Ajin Sifaniyanci na Badariya: wata huɗu da na yi, ga abin da na samu ga kuma inda aka gaza

Assalamu alaikum jama'a. Tun da na fara ɗora 'yan kalmomin Sifaniyanci a WhatsApp mutane sunka dame ni da tambaya, wai ina nake koyo, nawa ake biya, kuma shin da gaske a nan cikin Birnin Kebbi akwai mai koyar da yaren Sifaniya ko dai a waya nake kwasowa. To akwai, kuma yau wata huɗu cif da na yi rijista, shi ya sa nace bari in zauna in rubuta komai wuri guda kowa ya karanta ya yanke ma kanshi hukunci.

Ajin a Badariya yake, wani shago ne da anka mayar ɗakin karatu, benci huɗu da farin allo da fanka ɗaya. Malamin dattijo ne ɗan nan garin, ya yi shekara ashirin da wani abu yana kasuwanci a Malabo, can tsibirin Bioko na ƙasar Ikwatoriyal Gini, ƙasar da Sifaniya ta mulka har zuwa 1968 kuma har gobe Sifaniyanci ne yaren gwamnati da makaranta a can. Ana zama Litinin da Laraba da Asabar, daga bayan La'asar zuwa kiran Magariba, kuɗin wata naira dubu 10, mu tara ne yanzu a ajin, biyu mata ne kuma bencinsu daban.

Ni dai abin da ya kai ni ƙwallo ne, ba zan ɓoye ba. Na daɗe ina kallon La Liga a gidan kallo, ina son in riƙa jin abin da 'yan wasa da kociyoyi ke faɗa da bakinsu ba sai wani ya fassara min ba. Kafin in san da wanga aji na yi kusan shekara ina fama da wata manhaja a waya, na tara kalmomi da yawa wallahi, ina iya haɗa jimla, amma akwai wani abu da manhajar ba ta taɓa zaunar da ni ta bayyana min ba, kuma ranar farko Malam ya gano shi. Yace in faɗi "ya yi magana", na buɗe baki nace hablo, na danna muryata a gaɓar farko. Sai yace, ɗana, abin da ka faɗa yanzu "ina magana" ne, wanda na tambaye ka habló ne, muryar a ƙarshe take dira. Haruffa biyar iri ɗaya, ba abin da ya canza sai inda ka danna, amma mai aikin ya tashi daga ni ya koma shi, lokacin ma ya tashi daga yanzu ya koma jiya. Wannan darasin kaɗai ya sa na biya kuɗin wata a ranar.

Abin da ya sa nake yaba ma koyarwarshi shi ne da Hausa yake buɗe maka ƙofar. Ni Hausa na karanta a kwalejin ilimi ta Argungu, na san gaɓa da baƙi da wasali da karin sauti, amma ban taɓa tunanin za su yi min amfani wurin wani yare na Turai ba. Malam yace kada wanda ya ce abin baƙo ne gare shi, ai mu ma muna da kuka na hawaye da kuka ta miya, rubutu ɗaya amma hawa da saukar murya ya raba su, muna da gari na zama da gari na tuwo, tsawon wasali ya raba su. To su Sifaniyawa ba su da karin sauti irin namu kuma ba su raba dogon wasali da gajere, wasullansu biyar ne kamar yadda muke rubutawa, a e i o u, abin da suke da shi shi ne kowace kalma tana da gaɓa ɗaya da ake danna ma murya fiye da sauran. Shi Malam "bugu" yake ce mata, don idan ana karatu kowa tafin hannunshi na kan benci, kana faɗin gaɓoɓin a hankali, in ka zo kan mai ƙarfin sai ka buga bencin. Masu shagunan da ke maƙwabtaka da mu har sun saba da ƙarar.

Bari in ba ku misali da kalmar da munka yi sati guda cur a kanta, don ku ga irin aikin da kuɗinku zai saya. Kalmar ita ce hablábamos, ma'anarta "a da mukan yi magana" ko "muna cikin magana a lokacin". Ranar farko yanka ta munka yi gaɓa-gaɓa: ha-blá-ba-mos, gaɓa huɗu. Harafin h na farko ba a furta shi sam, wasalin a ake farawa da shi. Inda munka sha wuya duka ajin shi ne blá ɗin nan, saboda bakin Bahaushe bai yarda baƙi biyu su buɗe gaɓa ba, gaɓoɓinmu iri uku ne kawai, baƙi da wasali, ko baƙi da dogon wasali ko tagwai, ko baƙi wasali baƙi, shi ya sa duk kalmar da munka aro sai mun cusa mata wasali a tsakiya, ku duba burodi da direba da tirela. To haka munka riƙa cewa abulabamos, wani ma abalabamos, kalma mai gaɓa huɗu ta koma biyar, kuma da zarar ka ƙara gaɓa lissafin inda bugun yake ya rushe. Malam bai yi faɗa ba, sai ya rubuta mana baƙaƙen da ke tafiya manne ba a raba su, wato p b c g f idan l ko r ta biyo bayansu, sai t da d idan r ta biyo, pr br tr dr cr gr fr pl bl cl gl fl, yace waɗanga ku ɗauke su kamar tagwayen da uwa ta goya tare. In kuwa ba cikin waɗanga ba ne to raba su ake yi, ɗaya ya rufe gaɓar baya ɗaya ya buɗe ta gaba, kamar can-tar da per-der. Haka ch da ll da rr, ko da haruffa biyu ne a ido sauti ɗaya ne, lle-gó, co-rrió, ba a yanka su a tsakiya. Da wani masoyin Atlético ya tambaya ina za a sa tl, Malam yace wannan ta raba kan masu yaren da kansu, a yawancin Sifaniya at-lé-ti-co suke cewa, a Meziko kuwa a-tlé-ti-co.

Rana ta biyu sai ya goge layukan gaɓa ya sake yanka kalmar ta wata hanya daban, wannan karon ba da kunne ba, da ma'ana. Habl- ita ce saiwa, ita ke ɗauke da maganar kanta. Wasalin -a- da ke bi mata shi ke nuna gidan da aikatau ɗin ya fito, don aikatau ɗinsu gida uku ne, masu ƙarewa da -ar da -er da -ir, kamar hablar, comer, vivir. Sai -ba- mai nuna lokacin, abin da ake ta yi a baya. Sai -mos, wato mu. Ya ja hankalinmu cewa yankan gaɓa da yankan ma'ana ba wuri ɗaya wuƙar ke faɗawa ba, a gaɓa bl ta bar ha ta bi a, a ma'ana kuwa habl a dunƙule take. Daga nan ya rubuta "mukan yi" a ƙarƙashin kalmar, ya raba ta mu, kan, yi. Mai aiki, lokaci, sannan aikin. Ya ja kibiya zuwa ta sama: aikin, lokaci, sannan mai aiki. Yace kaya ɗaya ne, mu a gaba muke ɗaure su, su a baya. Wallahi na yi shiru na daɗe ina kallon allon nan, shekara guda ina haddar jadawalin aikatau kamar karatun aku, ashe lamirin suna da lamirin lokaci ne da nake koya ma yara a makaranta, an juya su kawai an manna a ƙeya. Shi ya sa ma Basifaniye ba dole ne ya ce nosotros, wato mu, ba, -mos ɗin ta riga ta faɗi ko su waye.

Sai rana ta uku anka zo kan ɗan karan nan da ake ɗora ma wasali, su tilde suke ce mashi, mu a aji hula muke ce mashi. Da ina ɗauka ado ne ko kuma haddace shi ake yi kalma-kalma, ashe ƙa'ida ce gajera ƙwarai. Kalmar da ta ƙare da wasali ko n ko s, bugunta na kan gaɓa ta biyu daga ƙarshe. Wadda ta ƙare da wani baƙi daban, bugunta na kan ta ƙarshe, shi ya sa duk aikatau da bai sha canji ba kamar hablar da comer a ƙarshe ake danna shi. Duk kalmar da ta bi wanga tsari ba ta buƙatar hula, wadda ta saɓa ita ake sa ma hula don mai karatu ya san ta kauce hanya. Ta uku daga ƙarshe kuwa kullum da hularta, ba togiya. Sunayensu aguda ga mai bugu a ƙarshe, llana ga ta biyu, esdrújula ga ta uku, kuma ita kanta kalmar esdrújula a ta uku ake buga ta, abin ya taimaka min wurin tunawa. Sai ya jera mana hablaba, hablabas, hablaba, hablábamos, hablabais, hablaban, yace ku buga. Munka buga, duka shidan a kan bla hannu ke sauka, bugun bai motsa ko taku ɗaya ba, to mi ya sa guda ɗaya ce kawai ke da hula? Wata daga cikin matan ce ta fara ganowa, tace Malam ai -mos ta ƙara gaɓa, bla ta koma ta uku daga ƙarshe. Malam ya ji daɗi har ya miƙe tsaye.

Daga nan abin ya riƙa buɗewa da kanshi. Término, termino, terminó, na farko suna ne, wa'adi ko iyaka, na biyu ina gamawa, na uku ya gama. A ƙwallo kuma da na fi so, gano ina cin wasa, ganó ya ci. Misalin da Malam ya fi kawowa España ganó el Mundial, kofin duniya na 2010 a Afirka ta Kudu da Iniesta ya zura ma Holan ƙwallo a ƙarin lokaci, yace in ka cire hular nan ka mayar da kanka kai ne mai cin kofin kuma jimlar ta karye. Yanzu in mai sharhi ya ce marcó ko perdió ko jugó, tun kafin in gama fassara kunnena ya riga ya gaya min an gama aikin kuma wani ne ya yi, saboda bugun ƙarshen nan. Akwai inda bugu ba ya ceto, ganamos na nufin muna ci kuma na nufin mun ci, nan sai zancen da ke kewaye ya raba gardama, kuma ya gaya mana haka kai tsaye bai ɓoye ba.

Darasin da ya fi burge ni duka shi ne na jugar, wato yin wasa. A manhaja an ce min kawai aikatau ne mai taurin kai, in haddace juego, juegas, juega, jugamos, jugáis, juegan. Malam yace ba taurin kai ba ne, ku buga benci ku gani. Inda bugu ya sauka kan saiwa, wasalin ya fashe ya zama ue, jue-go, jue-gan. Inda bugu ya tsallake zuwa ɗafin baya, saiwar ta zauna yadda take, ju-ga-mos. Haka puedo da podemos, duermo da dormimos, pienso da pensamos, duk hanya ɗaya. Wato wanda ya san inda bugu yake ya rage ma kanshi rabin hadda. Ba kowane aikatau ke yin haka ba, sai ka san waɗanda ke cikin rukunin, amma in ka san yana ciki ba ka ƙara ruɗewa kan wane layi ne zai fashe.

Wasulla biyu a jere ma sun ɗauke mu lokaci. I da u raunana ne, in sun haɗu da a ko e ko o sai su lafe a gaɓa ɗaya, kusan kamar ai da au namu na aiki da tauri, shi ya sa estudio gaɓa uku ce, es-tu-dio. Amma in bugu ya faɗa kan raunanan sai a sa mashi hula ya tsaya da ƙafarshi, co-mí-a gaɓa uku, co-mí-a-mos huɗu, ha-bla-rí-a-mos biyar. En-ví-o ina aikawa, en-vió ya aika. Masu gaɓa ɗaya irin fue da dio da vio ba a sa masu hula ko da bugun a ƙarshe yake, tunda ba wata gaɓar da za a ruɗe da ita. Na ƙarshen da munka yi satin da ya wuce shi ne idan wakilin suna ya manne a bayan umarni, da "ba da", dame "ba ni", dámelo "ba ni shi", bugun na nan kan gaɓar farko bai gusa ba amma kalmar ta yi tsawo sai hula ta bayyana. Dígamelo ma har ta huɗu daga ƙarshe ta kai.

Wani abu da ke sa ajin daɗi, Malam ya yi karatun allo kuma yana amfani da shi. Harafin j yace kha ce ta Larabci, duk wanda ya yi makarantar allo ba ya shan wuya da jugar. Yakan tsaya ya nuna mana kalmomin da sunka shiga yaren tun zamanin Andalus, daga 711 zuwa faɗuwar Granada a 1492, azúcar da sukarinmu tushe ɗaya, alcalde wato shugaban gari da alƙalinmu tushe ɗaya, arroz shinkafa, wadda yace duk ɗan Kabi ya kamata ya fara haddacewa kafin kowace kalma, da ojalá da suke faɗa wurin fata, sunan Allah ne a ƙarshenta.

To yanzu inda aka gaza, kuma zan faɗa don na riga na faɗa ma Malam a gabanshi. Babbar matsala takardun da ake raba mana. Fotokwafi ne na fotokwafi, tawadar ta kwanta, kuma abin da ya fara ɓacewa shi ne hular nan, wato ainihin abin da munka zo koyo. Akwai aikin gida da anka ba mu, jimla goma, a uku daga ciki habló ta fito hablo, continuó ta fito continuo wadda ma ba aikatau ba ce, siffa ce, na zauna dare guda ina juya jimlolin suna ƙi min ma'ana, da na zo aji sai na tarar mu shida ne munka faɗa rami ɗaya. Abin ya ɓata min rai gaskiya, don mutum ya biya kuɗi kuma ya ba da lokacinshi. Yanzu da an raba takarda sai mu ɗauki minti goma Malam na karantawa muna mayar da huluna da jan biro, yana aiki, har ma ya zama wani atisaye na kunne, amma minti goma ne daga cikin sa'a ɗaya da rabi da ba ta isar mu dama. Na ba da shawara a riƙa turo takardun ta waya ko a buga sabbi ko da za mu ƙara ɗari biyu-biyu, har yau ba a yi ba.

Na biyu, hira ta yi kaɗan. Muna iya yanka kalma mu gano bugunta mu faɗi sassanta, amma in anka ce tashi ka yi magana ta minti biyu sai baki ya yi nauyi, saboda mafi yawan lokacin a allo yake tafiya. Asabar ya kamata a ware ma magana zalla. Zafi ma akwai, watan Afrilu in an ɗauke wuta shagon nan ba ya zaunuwa kuma ba janareta, sau biyu munka fito waje gindin bishiyar dogon yaro munka ƙarasa. Sannan Malam bai ba da takardar shaida, wanda ke son shaidar da makarantun waje za su karɓa sai ya nemi jarrabawar DELE ta cibiyar Cervantes, shi shirya ka kawai zai yi, kuma ya faɗa min haka tun ranar rijista. Sifaniyancin da yake koyarwa kuma na ɓangaren Sifaniya ne, da vosotros, wato "ku" ɗinsu, da su habláis da estudiáis a ciki, wanda ke da niyyar Meziko ko Kolombiya ya sani can ustedes suke amfani da shi a madadin vosotros.

Duk da haka ni na sabunta rijistata ta wata na biyar, kuma na kawo ƙanena. Wanda ke neman 'yan gaisuwa goma don ya burge abokai, waya ta ishe shi, kada ya ɓata dubu 10 ɗinshi. Amma ɗalibin da ke nufin karatu a waje, ko malamin harshe irina, ko duk wanda ya gaji da haddar abin da bai san dalilinshi ba, ya zo. Ku taho da littafi mai layi da biro biyu, baƙi da ja, kuma tun a gida ku koyi danne wasali a kibod ɗin waya har á é í ó ú su fito, don Malam ba ya karɓar aikin gida ta WhatsApp in ba huluna, mayar maka yake yi ka gyara. Sabbin ɗalibai farkon wata yake ɗauka, kuma yace ba zai wuce mutum goma sha biyu ba saboda bencin.